Sunan Harvan a Ƙarƙashin Fiyano

A kamfanin Mista Culpepper, hawa na huɗu a wani tsohon bene a New York, babu mai sa sunansa a kan aikinsa. Doka ce, kuma ana gaya wa kowa ita tun ran da aka ɗauke shi. Littafin barkwancin da muke fitarwa duk wata na muzuru Clovis ne da ɗan tsuntsu Pim, kuma a bangon kowanne an rubuta cewa Kawu Wendell ne ya zana. Babu wani Kawu Wendell. Hoton wani dattijo ne mai lofe da aka kwafo daga tsohuwar tallar taba, aka ƙara masa tabarau. Dalilin Culpepper ba ɓoyayye ba ne. Mai zanen da yara suka san sunansa gobe zai zo ya ce a ƙara masa albashi, ko ya tafi wani kamfani da yaran a bayansa. Kawu Wendell kuwa bai taɓa neman ƙari ba, bai taɓa zuwa aiki a buge ba.

Wanda yake zana littafin da gaske shi ne Ludvik Harvan, muna kiransa Ludi. Mutum ne mai shekara arba'in da wani abu, mai sanƙo, mai mata da 'ya'ya biyu, yana zuwa kullum daga garin Passaic da abincinsa a ƙunshe cikin takarda. Shi zai zana shafi da fensir. Shafin ya zo teburina in rubuta maganar da ke fitowa daga bakin muzuru da tsuntsu, da duk wani rubutu na jikin allo ko gwangwani. Daga nan mai tawada ya bi layukan da baƙi, sai edita Mis Feeney ta duba. In ta sa hannu, a ɗauki ƙaramin hoton shafin a ba Concetta Marrone ta shafa launi, yadda masu ɗab'i za su san inda ja zai zauna da inda shuɗi zai zauna.

Labarin bai taɓa canjawa ba. Clovis yana son ya ci Pim. Zai kafa tsani, tsani ya karye. Zai ɗana nakiya, ta tashi a hannunsa. Zai haƙa rami ya faɗa ciki, a saki uwar maƙera daga sama ta biyo shi. Pim yana gefe a kan reshe yana gyara gashinsa. Wata mai zuwa Clovis ya dawo garau, bai koyi komai ba. Ni ban taɓa yin dariya a kan shafukan nan ba, amma ban taɓa cewa ƙarya suke yi ba. In ka cire Littafi Mai Tsarki, ban san wani littafi da ya faɗi halin ɗan Adam dalla-dalla kamar wannan na sentsi goma ba.

Akwai doka ta biyu, kuma ita ma da ƙarfinta. Ba a nuna jini. Za a iya baje muzurun ya zama kamar faifai, a ƙone shi ƙurmus, a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar burodi ya sake haɗuwa, amma ɗigon jini ɗaya ba ya fitowa. A shekarun nan na bayan yaƙin duniya iyaye da malaman coci sun taso wa littattafan zane, ana tara su ana ƙonawa a farfajiyar makarantu. Culpepper yana alfahari da cewa nasa masu tsabta ne. A wurinsa tsabta ita ce ka kashe dabba sau goma a shafi takwas ba tare da ka ɓata ƙasa ba.

Damuwar Ludi a gida take. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Ludvik Harvan, mai sassaƙa duwatsun kabari ne, kuma a gidansa Ludi yake zaune da iyalinsa. Rabin duwatsun da ke maƙabartar cocinsu aikin tsohon ne. A bayan kowanne, can ƙasa kusa da ciyawa, ya sassaƙa sunansa da ƙananan haruffa, don in dutsen ya karkace ko rubutun ya goge a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ra'ayinsa shi ne aikin da babu suna a kai, mai shi kunyarsa yake ji. Ludi ya sha kawo masa littafin. Tsohon zai duba bango, ya sa yatsa a kan hoton mai lofe, ya mayar masa. Da daddare a wurin cin abinci, gaban jikoki, zai tambaye shi yaya Kawu Wendell ya kwana, kuma ko ya feƙe masa fensir da kyau yau. Mutanen unguwa ma abin da suka ɗauka ke nan, cewa ƙaramin Harvan ɗan aike ne a wani ofis a birni.

Abin da Ludi yake so ɗaya ne: sunansa ya fito a buge ko sau ɗaya, ya ajiye littafin a gaban tsohon ya ga bakinsa ya mutu.

Ni ya fara zuwa wa. A ofis suna kirana Fasto, don ba na shan giya kuma ba na yin shiru in na ga ba daidai ba. Ya zana wani shagon kifi a bayan muzurun, ya bar allon shagon babu komai, ya tsaya a kaina yana murza hularsa.

"Fasto, ɗan rubutu ne kawai. Shagon Harvan. Wa zai mutu?"

Na ce masa na karɓi aikin nan da sharaɗi, kuma shi ma haka. Na ce mutum mai iyali, da aikin yi, da rufi a kansa, in har abin da ya rage masa a duniya shi ne ya ga sunansa a jikin shagon kifi na ƙarya, to ya gode wa Allah ya koma teburinsa. Na rubuta Kifi Sabo a kan allon. Ya ce in da ni ne na sassaƙa Dokoki Goma da sun zama ashirin.

Tunda na ƙi, sai ya koma ɓoye sunan a inda ba ya bi ta hannuna. Ya saka shi cikin zanen jijiyar katako a jikin shinge. Ya saka shi cikin hayaƙin nakiya. Ya saka shi a juye cikin inuwar da ke kan ruwan tafki, ya saka shi cikin gashin tsuntsu da ya watse a iska. Mis Feeney tana da gilashin ƙara girma da kwalbar farin fenti, kuma babu wanda ya taɓa wuce ta. Mace ce siririya mai shan taba ɗaya bayan ɗaya, ta yi shekaru tana gyara rubutun mutane ba a taɓa buga sunanta ba ita ma, kuma ba ta ga dalilin da wani zai fi ta ba. Za ta ɗauki shafin, ta juya shi sama da ƙasa, ta kai shi bakin taga. In ta gano, ba ta faɗa. Sai ta tsoma ɗan buroshinta ta shafe, ta hura ya bushe, ta ɗago kai.

"Wannan watan a tsagewar bango ka kwana, Harvan? Sannu da ƙoƙari. Na wancan watan ya fi wahalar da ni."

Haka suka yi ta yi har shekaru. Ya ɗana, ta kwance. Duk ofishin suna kallo, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ce mutumin da yake zana muzurun nan tun safe har yamma bai ɗauki darasi daga gare shi ba.

Daga ƙarshe ya lura da abin da kowa ya sani amma ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. Mis Feeney baƙin zane kawai take dubawa. Takardun launi ba ta ko ɗaga su, daga teburin Concetta suke wucewa cikin ambulan zuwa maɗaba'a. A can kuma mata ne a jere suke kwafe duk abin da aka shafa, ba aikinsu ba ne su yi tambaya. Abin da aka yi da launi zalla, babu baƙin layi a gefensa, zai wuce ba wanda ya gani.

Ya shirya shafin ƙarshe na wani labari a kan haka. A layin sama, Clovis yana fentin wata ƙofar ƙarya a jikin bango don ya yaudari Pim, sai Pim ya ture gwangwanin fentin ya kife a ƙasa. A tsakiya ana ta guje-guje. A akwatin zane na ƙarshe, babba, fiyano, ƙaton abin kiɗan nan mai nauyi, ya faɗo daga bene ya danne muzurun, wutsiyarsa kaɗai ta leƙo. Gaban fiyanon Ludi ya bar fili fetal a ƙasa. Da shafin ya zo hannuna na ga filin ya yi yawa, amma zane ba sashena ba ne. A filin nan ne fentin da ya zube zai malalo ya lanƙwashe ya zama suna.

Concetta ba ta yarda nan take ba. Ita take riƙe da mahaifiyarta, kuma ta tambaye shi ko shi zai ciyar da tsohuwar in aka kore ta. Ya yi ta bin ta da magiya lokacin cin abincin rana, ya ba ta labarin fensirin Kawu Wendell, har ta gaji ta miƙa masa buroshin ta ce ya rubuta da hannunsa, ita ba ta gani ba. Ya tambaye ta launin da ya fi fitowa. Ta gaya masa gaskiya: takardar da ake buga mana mai araha ce, tana shanye rawaya, tana dusashe shuɗi, ja ne kaɗai yake tsayawa. Sai ya ɗauki ja. Kuma don yana son tsohon ya gane ba tare da gardama ba, ya yi haruffan irin na gidansu, masu faɗin ƙafa da ɗan lanƙwasa a wutsiya, waɗanda ya koya a wurin mahaifinsa tun yana yaro.

Ya gaya mini bayan ambulan ta tafi, don cikinsa ba ya riƙe magana. Na ce masa abin da aka yi a ɓoye a ɓoye yake ruɓewa. Ya ce in ajiye wa'azin sai Lahadi.

Abin da bai sani ba shi ne, ana gab da bugawa wata talla ta shigo a makare, ta bindigar iska ta yara. Culpepper ba ya mayar da talla. Mis Feeney ta duba inda za a samu wuri, ta ga layin sama na shafin ƙarshe ba ya ƙara wa labarin komai, ta buga waya maɗaba'a ta ce a cire shi a sa bindigar. Irin wannan ana yi kullum. Gwangwanin fentin ya tafi, ƙofar ƙaryar ta tafi.

Ran da aka kawo ɗaurin sababbin littattafan, Ludi ne ya fara yanke igiyar. Ya buɗe shafin ƙarshe, fuskarsa ta washe kamar ta ango. Ya miƙo mini. A sama ga yaro yana murmushi da bindiga a kafaɗa. A ƙasa ga fiyano, ga wutsiya, ga wani abu ja wur yana malalowa daga ƙarƙashin fiyanon, ya bazu a ƙasa ya rubuta Ludvik Harvan.

Concetta ta leƙo ta kafaɗata, ta yi alamar gicciye, ta koma ta zauna.

"Ya fito tsaf," in ji Ludi. "Dubi yadda jan ya kama."

"Ina gwangwanin?" na tambaye shi.

Sai a lokacin ya ɗaga ido zuwa saman shafin. Ko da gwangwanin yana nan, ban tabbata zai cece shi ba. Mu duka mun daɗe muna kallon ana niƙe muzurun nan yana tashi, har mun manta abin da ja yake nufi in ya fito daga ƙarƙashin abu mai nauyi. Kowace uwa a ƙasar nan ba ta manta ba.

Culpepper ya yi ihu har na ƙasa da mu suka ji, amma littattafan sun riga sun hau motoci. Bai kori Ludi ba. Ba tausayi ba ne, babu wani mai zana muzurun da sauri irin nasa, kuma na wata mai zuwa yana kan tebur rabi da rabi. Ya ce kowa ya rufe bakinsa, in Allah ya so ba wanda zai lura. Mis Feeney ta daɗe tana kallon shafin. Ta ce da Ludi a hankali cewa wannan karon ya ci, kuma tana fata zai ji daɗin abin da ya ci.

Ludi ya kai littafin gida a aljihun kwat, amma bai fito da shi ba. Yana jiran ranar da ta dace da kuma bayanin da zai yi game da jan. Kafin ya samu ko ɗaya, wasu suka riga shi.

A cocinsu akwai ƙungiyar iyaye mata masu bin shaguna suna tattara littattafan zane don a ƙone, shugabarsu wata gwauruwa ce, Misis Hornyak. Namu ba ya cikin waɗanda suke nema, na dabbobi ne. Jikanta ne ya bar shi a buɗe a kan kujera. Ta ga jan, ta ga sunan, kuma ba ta buƙaci a gaya mata mai shi ba. Duk Lahadi tana durƙusawa tana cire ciyawa a bayan dutsen mijinta, kuma haruffan nan ne, da faɗin ƙafarsu da lanƙwasarsu, suke kallonta a wurin.

Matar Ludi, Zuzana, tana bakin taga ran da matan ƙungiyar suka zo gidansu, ita ta ba ni labarin daga baya. Mata shida ko bakwai ne da hulunansu na coci, da wani ɗan jarida na gari mai ɗauke da kyamara. Ludi yana birni wurin aiki. Tsohon yana bayan gida da rigar aikinsa, farin gemu duk ƙurar dutse, kurfi a hannu ɗaya guduma a ɗaya. Turancinsa bai taɓa yin ƙwari ba, don da girmansa ya zo ƙasar nan daga ƙetare. Ɗan jaridar ya tambaye shi ko shi ne Ludvik Harvan, ya ce shi ne. Misis Hornyak ta buɗe shafin a gaban hancinsa ta tambaye shi da harshen ƙasarsu ta asali ko sunan wa ke nan. Ya sa tabarau, ya duba har ya gaji da dubawa, ya ce sunansa ne. Ta ce ba ya jin kunya? Ya ce ta matsa masa daga haske, yana aiki.

Washegari hotonsa ya fito a shafin farko, da gudumar a ɗage, kusa da hoton fiyanon. An rubuta cewa ga mutumin da yake sassaƙa kabari da rana, yake zana wa 'ya'yanku mutuwa da dare. Jaridun New York biyu suka ɗauka. Wani mai wa'azi a rediyo ya kira sunan sau uku a zama ɗaya. Babu wanda ya ce uffan game da bindigar da ke saman shafin, wadda ita ce kaɗai abin da zai iya fitar wa yaro ido da gaske.

Wanda ya ga Ludi a makon nan zai zaci kunya ce take cinsa, ko tausayin mahaifinsa, wanda fada, limamin cocinsu, ya riga ya aika masa cewa a dakatar da gyaran matakalar coci da aka ba shi. Akwai wannan, ba zan yi masa ƙazafi ba. Amma abin da ya fi ƙona shi daban ne. Shekara da shekaru yana neman suna, suna ya fito a jarida da rediyo, kuma an ba wani.

Ya tafi ofishin jaridar ya ce shi ne mai zanen. Suka dube shi, mutum mai sanƙo da taye, suka dubi hoton dattijo mai gemu da guduma, suka ce ya kawo shaida. Ya ce su buga wa kamfani waya. Suka buga. Culpepper da bakinsa ya amsa cewa Kawu Wendell ne yake zana littafin kamar yadda aka rubuta a bango, kamfani ba ya da masaniya a kan yadda sunan wani baƙo ya shiga shafinsa, kuma ana bincike. Ludi ya ɗauki fensir ya zana musu Clovis a bayan ambulan nan take. Ɗan jaridar ya ce ɗansa ma ya iya wannan. Da zai koma karo na biyu na raka shi, na faɗi abin da na sani, don gaskiya ce kuma an tambaye ni. Suka rubuta sunana ba daidai ba a wata 'yar takarda, suka ce za su neme mu.

Ya rage hanya ɗaya, tsohon da kansa ya je ya ce ba shi ba ne. Ludi ya roƙe ni in zo gidansu ran Lahadi bayan coci, wai tsohon yana ganin girman mutumin da ba ya dariya.

Zuzana ta dafa taliyarsu ta gida da kabeji da man shanu. Aka sallami yara waje. Tsohon yana zaune a bakin tebur, littafin yana gefen farantinsa, ya yi laushi don juyawa. Ya ci abincinsa a natse, sai da ya share farantin da burodi sannan ya yarda a yi magana. Ludi ya yi bayanin gwangwani da talla da waya, ya maimaita, ni ma na tabbatar. Tsohon yana ji yana kaɗa kai. Ya tambaye ni ko ni ne nake rubuta maganar dabbobin, na ce ni ne. Ya ce hannuna yana da tsabta, amma ina matse haruffa a ƙarshen layi. Gaskiya ya faɗa.

Sannan ya buɗe shafin ƙarshe ya juya shi wajen ɗansa.

"Na karanta shi duka," ya ce. "Sau biyu. Muzurun nan wawa ne."

"Haka aka tsara shi, Baba."

"Tsuntsun kuma mugu ne. Da ni ne, tsuntsun zan sakar wa fiyano."

Ludi ya ce ba wannan ba ce maganar. Maganar ita ce ko yanzu ya yarda shi yake zana littafin, ba mai lofe ba.

"Na yarda. Wa kuma zai yi wannan wautar in ba kai ba? Kuma har yanzu ƙafar harafin R ɗinka tana zarce layi. Tun kana ɗan shekara tara nake gaya maka."

Abin da Ludi ya yi shekaru yana jira ke nan, kuma ya zo masa a tsakanin kabeji da shayi. Ya jira ya ji saura. Babu saura. Sai ya ce to, tunda haka ne, gobe su tafi tare wurin 'yan jarida da wurin fada, tsohon ya gaya musu aikin ɗansa ne, a mayar masa da matakalar coci, kowa ya ɗauki kayansa.

Tsohon ya ce ba zai je ba. Ya ce matar nan ba ta tambaye shi wa ya zana ba, ta tambaye shi sunan wa ne, kuma bai yi mata ƙarya ba. Shekara hamsin yana sa sunan nan a bayan dutse, kuma duk wanda ya zo da ƙorafi a kan abin da sunan yake kai, bai taɓa ce masa jeka wurin yarona ba, ko da yaron ne ya riƙe kurfin. Ba zai fara yanzu ba don wasu mata masu huluna.

"Amma sunana ne ni ma, Baba. Kai ka ba ni shi. Ba ni da wani."

"Na ba ka, ban ce na bar maka ba. Muddin ina numfashi, in an kira Ludvik Harvan a garin nan ni nake amsawa. Ka yi haƙuri, na kusa. In na tafi sai ka sa shi a ƙarƙashin duk dabbar da ka ga dama."

Zuzana ta tashi ta shiga kicin da faranti ɗaya a hannu. Ludi ya juyo wajena yana neman in ce wani abu. Na ce masa dattijon ya fi shi gaskiya, kuma ya fi shi taurin kai, kuma ban ga yadda za a raba masa biyun ba. Na ƙara da cewa shi ya nemi a san shi, an kuwa san shi a teburin nan, wanda dama shi ne inda ya ce yana so. In abin bai ƙosar da shi ba, to ba yardar mahaifinsa yake nema ba tun farko, kuma gara ya san haka. Bai gode mini ba.

Tsohon ya rasa aikin matakalar. Wasu iyalai biyu suka kai duwatsunsu wurin wani a garin Clifton, wanda aikinsa bai kai nasa ba. A gefe guda kuma yaran unguwa suka fara taruwa a bakin shingensa bayan makaranta da littattafansu, suna roƙon ya sa musu hannu. Da farko yana korarsu da tsintsiya. Daga baya Zuzana ta ce ya sa kujera a wurin, kuma yana sa hannun a hankali, harafi bayan harafi, yana gaya wa kowane yaro kada ya zama kamar muzurun.

Ran Litinin da ta biyo bayan Lahadin nan, Ludi ya zo ofis da wuri. Mis Feeney ta riga ta sa an matso da teburin Concetta kusa da nata, ta sayi kwalbar farin fenti ta biyu. Labarin watan nan na jirgin ruwa ne, Clovis zai bi Pim har saman doguwar sandar tsakiyar jirgi ya faɗo cikin bakin kifi. Da shafin farko ya iso teburina na duba shi sosai, jijiyar katako, kumfar ruwa, hayaƙin bututu. Babu komai a ciki sai muzuru da tsuntsu. Na rubuta maganarsu, na kula da ƙarshen layi, na miƙa wa mai tawada.